TSAWON RAI: GADO NE KO GATA?

Gabatarwa

Babu addu'ar da Bahaushe ya fi yi wa na gaba da shi kamar ta tsawon rai. Talaka na ce wa hakimi "ranka ya daɗe", bafade na ce wa sarki "Allah ya ja zamaninka", haka kuma a ranar suna ana roƙon Allah ya raya jariri. Idan aka shiga garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kamar Illo da Kaoje da Lolo da Tsamiya, za a tarar da gidajen da aka san su da daɗewa a duniya, inda kaka ke ganin jikokin jikokinta. Mutane kan ce irinsu ne, wato abin a jini yake. Wannan maƙala za ta duba gaskiyar wannan zance ta fuskar kimiyya: wane kaso ne na tsawon rai ake gada, me masana suka gano game da tsufa, kuma waɗanne tambayoyi ne na halacci da adalci suka taso tun da aka fara neman hanyar ƙara wa ɗan Adam kwana.

Mene Ne Ƙwayar Gado?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwayar jiki akwai wasu zaruruwa guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Sinadarin da aka yi waɗannan zaruruwa da shi shi ne DNA, kuma yana ɗauke da wani irin rubutu mai haruffa iri huɗu kacal, waɗanda aka jera har kimanin biliyan 3. Wani yanki na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin yin wani aiki a jiki shi ake kira ƙwayar gado. Mutum na da irin waɗannan ƙwayoyi kusan 20,000. Su ke sa ɗa ya ɗebo kamannin iyayensa, har Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A shekarar 1990 ne masana daga ƙasashe da dama suka soma gagarumin aikin karance wannan rubutu, suka sanar da kammala shi a 2003. Daga cikin abin da ya fito fili shi ne, idan aka ɗauki mutum biyu ko daga ina suka fito, rubutun nasu ya yi daidai da kimanin kashi 99.9 cikin 100. A cikin ɗan abin da ya rage ne ake neman dalilin da ya sa wani ke kaiwa shekara 100 da ƙarfinsa, wani kuma ya rushe tun yana ɗan 60.

Me Ya Sa Jiki Ke Tsufa?

A 1961 wani masani ɗan Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum da aka reno a ɗakin bincike ba ta rabuwa har abada. Takan rabu kamar sau 50, sannan ta tsaya. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan haka. A ƙarshen kowane kuromosom akwai wani ɗan murfi da ake kira telomiya, wanda aikinsa ya yi kama da ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu, wannan murfi na raguwa kaɗan, har ya kai inda ƙwayar za ta daina rabuwa. Masana uku da suka bayyana aikin telomiya, wato Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2009.

Sai dai telomiya ba ita kaɗai ce ba. Kullum DNA na samun ƴan raunuka, jiki kuma na gyara su, amma gyaran ba ya cika ɗari bisa ɗari. Haka nan tsofaffin ƙwayoyin da suka daina aiki kan taru a cikin tsoka da gaɓoɓi suna jawo kumburi. Saboda haka tsufa ya fi kama da ginin ƙasa wanda damina bayan damina ke ci kaɗan-kaɗan, idan yaɓe ya gaza cim ma zaizaya sai katanga ta fara tsagewa.

Abin da ya girgiza masana ya faru ne a 1993. Cynthia Kenyon ta Jami'ar Kalifoniya ta yi aiki a kan wata ƴar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, wadda ke rayuwa mako biyu zuwa uku. Da aka sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikinta, sai tsutsar ta rayu ninki biyu na abin da ta saba. Wannan ya nuna cewa akwai ƙwayoyin gado da ke da hannu a saurin tsufa ko jinkirinsa. A 2008 kuma, wani bincike a kan tsofaffi maza ƴan asalin Japan da ke zaune a Hawai ya nuna cewa wani nau'i na ƙwayar gado mai suna FOXO3 ya fi yawa a jikin waɗanda suka haura shekara 95. Ita wannan ƙwaya dangi ce ga wadda ke aiki a jikin tsutsar nan.

Kashi Nawa Ne Na Gado?

Hanyar da ta fi sauƙi wajen auna tasirin gado ita ce nazarin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya rubutun gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar wa da ƙane suke. Idan tsawon rai gado ne zalla, ya kamata Hassan da Usainin da suka fito daga ƙwai ɗaya su rasu kusan lokaci guda. A 1996 aka fitar da sakamakon nazarin dubban tagwayen da aka haifa a ƙasar Denmak tsakanin 1870 da 1900, aka ga cewa gado ya bayyana kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na bambancin tsawon ransu. Wani nazari na 2018 da ya duba salsalar miliyoyin mutane ya sami abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Lissafin na sauyawa gwargwadon yadda aka yi shi, musamman idan aka ware waɗanda haɗari ko annoba ta kashe, domin irin wannan mutuwa na ɓoye abin da gado zai iya yi. Amma masana sun dace a kan abu biyu: babu wata ƙwaya guda da za a kira ta tsawon rai, kuma tasirin gado ya fi bayyana ga waɗanda suka haura shekara 90.

Akwai wani darasi daga Nijeriya. A 1994 masana a Faransa suka lura cewa wani nau'i na ƙwayar gado mai suna APOE, wanda ake kira na huɗu, ya yi ƙaranci a jikin masu shekara 100, kuma an san yana ƙara haɗarin cutar mantuwa ta tsufa. Amma a binciken haɗin gwiwa da aka fara a 1992 tsakanin likitocin Jami'ar Ibadan da na birnin Indiyanafolis a Amurka, an ga cewa alaƙar wannan nau'i da cutar ta yi rauni ƙwarai a tsakanin tsofaffin Ibadan idan aka kwatanta da baƙaƙen fatar Amurka. Wato ke nan aikin ƙwayar gado ya danganta da sauran ƙwayoyin da take tare da su, da abinci, da irin rayuwar da mutum ke yi.

Matsalar Ƙidayar Shekaru

Kafin a nemi sirrin mai shekara 100, wajibi ne a tabbatar ya kai. Mutumin da takardu suka tabbatar ya fi kowa daɗewa a duniya ita ce Jeanne Calment ta Faransa, wadda aka haifa a 1875 ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Ko a ƙasashen da suka daɗe da rajistar haihuwa ana samun kuskure. A 2010 hukumomin Japan suka gano cewa mutum fiye da 230,000 da ke cikin rajista a matsayin masu shekara 100 ko fiye ba a san inda suke ba, akasarinsu sun daɗe da rasuwa.

A yankin Bagudo, kamar sauran ƙasar Hausa, mafi yawan tsofaffi ba su da takardar haihuwa. Shekaru akan lissafa su ne da abin da ya faru: zamanin wane sarki, shekarar wace yunwa, ko shekarar wace ambaliya. Mai bincike na iya amfani da wannan hanya cikin hikima. Zai tambayi dattijo ko ya yi aure kafin samun ƴancin kai a 1960, ko ƴaƴansa nawa lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ko lokacin da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Wanda ya ce yana saurayi mai shekara 20 a 1960, an haife shi ne wajen 1940, ko da jikokinsa na cewa ya haura 100. Wannan aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya gwadawa da kakanninsu, kuma yana nuna amfanin yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa.

Sikila: Darasi Daga Bakin Kwara

Misalin da ya fi kusa da mutanen Bagudo na yadda gado ke taɓa tsawon rai shi ne amosanin jini, wato sikila. Kogin Neja, wanda ake kira Kwara, ya ratsa wannan yanki, ya samar da fadamun shinkafa da wuraren su, tare kuma da matattarar sauro. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa yaron da ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai rukunin AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar ta yaɗu a ƙasashen da sauro ya yi yawa, har kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya ke ɗauke da ita. Amma yaron da ya gaje ta daga uwa da uba, wato mai SS, yana fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, kuma idan babu kulawa da yawa ba sa kaiwa shekara biyar. Ƙwaya ɗaya ce, ta tsawaita ran wani, ta gajarta na wani.

Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Akwai kuma wani nau'i da ake kira C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana da Jamhuriyar Benin, wanda idan ya haɗu da S yakan jawo irin wannan ciwo ko da yake sau da yawa bai kai tsananin SS ba. Wannan na da muhimmanci a bakin iyaka. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu, amma ba ta raba zumunci ba. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa na auratayya tsakanin Illo da Lolo da garuruwan Segbana da Malanbil na Benin har yau. Ƙwayar gado ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Inda Shekaru Ke Zubewa

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2023 ta nuna cewa matsakaicin tsawon rai a Nijeriya kimanin shekara 54 ne, a Benin kimanin 60, a Japan kuwa kimanin 84. Ɗalibai da yawa kan ɗauka ma'anar wannan ita ce ɗan Nijeriya na mutuwa ne idan ya kai 54. Ga yadda lissafin yake. A ɗauka an haifi yara huɗu, ɗaya ya rasu yana ɗan shekara 1, sauran ukun kowanne ya kai 72. Idan aka tara 1 da 72 sau uku za a sami 217, a raba da huɗu, sai a sami kusan 54. Ashe mutuwar ƙananan yara ce ke jawo lissafin ƙasa.

Wannan misali bai yi nisa da gaskiyar Jihar Kebbi ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha a lokacin. A binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a jihar na ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi da Bayelsa don fara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a Disambar 2024. Benin ta riga ta fara tata a Afrilun wannan shekarar.

Ita kanta Japan, a 1947 matsakaicin ran namiji a can shekara 50 ne, na mace 54. Ƙwayoyin gadon Japanawa ba su sauya ba a cikin waɗannan ƴan shekaru. Abin da ya sauya shi ne ruwan sha, abinci, riga-kafi da asibiti.

Neman Maganin Tsufa

Duk da haka, masana na ci gaba da neman hanyar jinkirta tsufan kansa. Tun 1935 Clive McCay ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba sun fi daɗewa. A 2009 aka ga cewa wani magani mai suna rafamaisin na ƙara wa ɓeraye kwana. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda za a mayar da ƙwayar jikin da ta girma zuwa halinta na farko, kamar ta ɗan tayi. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi wajen yanke wani gurbi na DNA a gyara shi. Attajirai sun zuba dukiya a wannan fage: kamfanin Google ya kafa Calico a 2013, a 2022 kuma aka buɗe Altos Labs da jarin dala biliyan 3. Amma har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana tsawaita ran mutum mai lafiya. Tsutsa da ɓera ba mutum ba ne, kuma ƙwayar da aka hana ta daina rabuwa na iya rikiɗewa ta zama ciwon daji. Duk mai tallan ƙwayar hana tsufa a kasuwa ko a waya, kuɗin jama'a yake nema.

Tambayoyin Halacci Da Adalci

Tambaya ta farko ita ce ko neman tsawon rai ya saɓa wa imani da ajali. Malamai sun daɗe da bayyana cewa neman magani bai ci karo da tawakkali ba. Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubuce-rubuce a kan kiwon lafiya da magani. Inda ake taka-tsantsan shi ne sauya halittar da za ta bi zuriya. A 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayar gado tun suna ƴan tayi. Masana a duniya suka yi tir da shi, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Dalili kuwa shi ne, kuskuren da aka yi a wannan mataki zai bi ƴaƴa da jikoki waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu.

Tambaya ta biyu ta adalci ce. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da ke amfani da CRISPR, mai suna Casgevy. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana kuma ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi a kowace shekara. Manomin shinkafa a Bagudo ko zai sayar da gonarsa da shanunsa ba zai kama ƙafar wannan kuɗi ba. Alhali gwajin jariri da wuri, da gidan sauro, da riga-kafi, da magunguna masu sauƙin kuɗi kamar fenisilin da haidiroksiyuriya, na ceton rayukan masu sikila da yawa. Idan wata rana aka sami maganin tsufa da irin wancan farashi, tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi za ta koma ta shekarun rayuwa.

Tambaya ta uku ta shafi yarda. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma ƴan asalinta ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan nazarce-nazarcen gado a kansu ba. Don cike wannan giɓi aka kafa shirin H3Africa, wanda masanan Nijeriya suka shiga. Ke nan masu bincike za su ci gaba da zuwa karkara neman jini da yawu. Arewacin Nijeriya bai manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, daga bisani aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Saboda haka haƙƙin duk wanda aka nemi jininsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa inda za a kai jinin da abin da za a yi da shi, kuma yana da ikon ya ƙi. Izinin hakimi ko mai gari bai isa ya maye gurbin yardar mutum shi kansa ba.

Akwai kuma batun sirri. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin sikila. Gwajin na da amfani ƙwarai, amma mai AS ba majinyaci ba ne, kuma bai dace sakamakon gwajin yarinya ya zama abin yaɗawa a unguwa har a guje ta ba.

Kammalawa

Zancen da ake yi cewa wani gida irin masu daɗewa ne yana da ƙamshin gaskiya, domin gado na da nasa kaso. Sai dai kafin wannan kaso ya bayyana, dole yaro ya tsallake shekaru biyar na farko, uwa ta tsallake haihuwa, magidanci ya tsira daga hawan jini da haɗarin mota da na kwale-kwale. A yanki irin Bagudo, shekarun da za a iya ƙara wa jama'a a yau suna cikin gidan sauro, da allurar riga-kafi, da awon ciki, da ruwa mai tsabta, da gwajin jini kafin a sa ranar aure. Ga ɗalibin da ke sha'awar wannan fage, ƙofarsa ita ce ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi tun daga sakandare, sannan jami'o'i irin su Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Ahmadu Bello a Zariya. Tsofaffin bakin Kwara da suka tsallake ƙyanda da sanƙarau da yunwa har suka ga tattaɓa-kunne na da abin da za su koya wa kimiyya, kuma ya fi dacewa a ce jikokinsu ne suka yi wannan bincike.